Koriyar Mota Da Barcin Takwarata

Wankan jego ne ya kai ni Dubai. Matar ɗana ta haihu a farkon sanyin can, mahaifiyarta kuma ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, sai aka ce ni in je. Aka sa wa jaririyar sunana, shi ke nan babu mai iya kiran sunan a gidan. Uban yana jin nauyi, uwar tana jin nauyi, ni kuma in na kira sai in ji kamar kaina nake kira. Su suna ce mata Hajiya ƙarama, ni ina ce mata takwara. Shi ma uban, ɗana na fari ne, bakina bai taɓa furta sunansa ba, ba kuwa a takarda zan fara ba.

A Hor Al Anz suke zaune, cikin wani bene da aka raba falat ɗaya wa mutane da yawa. Namu ɗaki ɗaya ne babba, an ja labule a tsakiya, ni da akwatina muna bayan labulen. Ɗakin da ke kusa da mu na wasu mata biyu ne 'yan Filifin, ma'aikatan jinya. Na ƙarshe kuma na wani Basudane ne dogo, shi ya karɓi hayar falat ɗin gaba ɗaya, sauran duk a ƙarƙashinsa suke. Yana aikin lodin kaya a filin jirgi. Dukansu ukun aikin dare suke yi, da rana suke barci.

Takwarata kuwa ta zo duniya da nata tsarin. Da dare barci take kamar an biya ta. Amma da zarar hantsi ya fito sai ta buɗe baki, ba za ta rufe ba sai an kira magariba. Na yi goyo, na yi jijjiga, na yi tofi. Aka kai ta asibiti, likita ta juya ta gaba da baya ta ce lafiyarta ƙalau, wasu yaran haka suke. Uban ya sayo wani gadon jarirai fari tas, mai lilo da kansa, har da kiɗa. Da aka kwantar da ita a ciki sai ta ƙara murya ta danne kiɗan. Daga baya wanki muke ninkewa mu ajiye a ciki.

Bayan an yi arba'in, wata safiya Basudanen ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, idanunsa jajir kamar gauta. Mutumin kirki ne, har alewa ya riƙo. Ya gaishe ni da ladabi, sannan ya yi wa ɗana magana da Larabci mai tsawo. Abin da na tsinta a ciki kalma ɗaya ce, khalas, wato ya isa haka. Da ya tafi ɗana ya zauna a bakin gado ya ce mutumin ya yi gyangyaɗi a bakin aiki har an yi masa kashedi. Ko dai kukan ya bar falat ɗin da rana, ko mu mu bar ɗakin a ƙarshen wata. Ɗaki irin wannan, kusa da jirgin ƙasa, wanda za a yarda da mai jariri, ba ya samuwa da sauƙi.

Na ce to, ai kuka ba shi da nauyi, ni zan riƙa fita da shi.

Na fara goya ta ina zaga unguwa. Na san duk wani shagon shayi da na wanki a layin, su ma sun san mu, tun kafin mu karyo kwana suke jin zuwanmu. Da ɗana ya ga ƙafata ta fara kumbura sai ya ce, yana sosa ƙeya, akwai wani gareji a Al Khabaisi, ba nisa, yana da rumfa a bayansa da iska mai kyau, nesa da inda ake fenti. Zan iya zama a can. Ranar na gane inda albashinsa yake kwana.

Na san dai yana da mota da yake gyarawa. Tun yana ƙarami haka yake. Gwangwanin madara bai taɓa tsira a gidana ba, silifas ɗina ma in na yi sake sai in tarar an yanke shi an yi taya. Yana jan motar a tsakar gida yana yin ƙarar inji da baki har yawu ya jiƙa masa riga. Yanzu ya girma, ya zama injiniyan na'urar sanyaya manyan gine-gine, na zaci abin ya bar shi.

A ƙarƙashin rumfar motoci biyu ne, iri ɗaya sak, ɗaya ja ɗaya koriya. Tsofaffin motocin Amurka ne, sun girmi ɗana nesa ba kusa ba, dogon hanci, faɗin ƙirji, ƙofa bibbiyu kacal. Ya ce Turawa suna kiransu motoci masu ƙwanji, saboda ƙarfin injinsu. Ni dai ban ga ƙwanji ba, tsatsa na gani.

Na ce, “Kai, biyu ka saya?”

“Ɗaya ce, Mama. Jar ita ce motar.”

“Waccan fa?”

“Waccan ba mota ba ce. Kayan gyara ce.”

“Na ga tana da taya huɗu.”

Ya yi mini bayani a hankali. Kamfanin ya daina yin kayan irin wannan mota tun tuni. In kana son na asali, na shekararta, sai ka nemo 'yar uwarta da ta mutu, a sako maka ita a kwantena, ka riƙa cire na jikinta kana sa wa taka. In an gama kwashe abin amfani, gangar jikin a ba 'yan gwangwan.

Sai wata murya ta fito daga ƙarƙashin jar motar da Hausa raɗau. “Inna, kar ki saurare shi. Bakano ne, ko kaza zai saya sai ya sayi ta biyu ya fige mata gashi ya ƙara wa ta farko.”

Mai maganar ya turo kansa waje a kan wani katako mai taya. Bakaniken garejin ne, mutumin Damagaram, mai furfura a gemu, ya yi bokon Faransanci, ya zo Dubai fatauci, fatauci ya ƙi, hannu ya karɓa. Ya durƙusa ya gaishe ni da kyau. Ɗana ya ce masa, “Bawan Kanawa, koma bakin aikinka.” Ya ce, “Oui, patron, bari in gama gaida uwar bawana.” Haka suke yini.

Wajen zama babu, sai wata durom mai baƙin mai. Kujerun jar an naɗe su da leda, ko kusa ba a bari a je. Takwara tana ta tsala ihu a bayana. Sai na buɗe ƙofar koriyar, na tura kujerar gaba, na sunkuya na shiga baya, na kwance goyo na zauna. Kujerar faffaɗa ce kamar gado, fatar ta tsattsage amma da taushi. Da nauyina ya sauka sai motar ta nutsa a hankali, ta yi wani kuka daga can ƙasa, ƙiiiƙ, sannan ta taso ta ce ƙaƙ.

Yarinyar nan ta yi shiru. Ta buɗe ido tana neman mai maganar.

Na gyara zama. Ƙiiiƙ, ƙaƙ. Na sake. Kafin in yi sau nawa, bakinta ya saki, hannunta ya faɗi. Rana tsaka, takwarata tana barci. Ɗana ya tsaya da sifana a hannu bai motsa ba. Bakaniken ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya ce cikin raɗa, “C'est pas possible,” wai abin ba mai yiwuwa ba ne.

Daga ranar muka samu wurin aiki. Da hantsi mu fito, ni da takwara da uwarta, da kwandon abinci da fulas ɗin kunu. In shiga baya in riƙa gyara zama, uwar ta kwantar da kujerar gaba ta rama nata barcin. In la'asar ta yi sanyi mu koma. Na share cikin motar, na shimfiɗa zane, na turara ta. Basudanen ya fara yi mana murmushi a bakin lifta. Maganar ƙarshen wata ba a sake tayar da ita ba, amma ba a janye ta ba.

Sai dai motar da muke ciki kayan gyara ce, ni na manta, su ba su manta ba.

Wata safiya muka iso na tarar babu ƙofar dama. Tana can jikin jar, koriya shar a tsakiyar ja. Ta jar kuma, mai lotsawa da ramin tsatsa, an jingine ta a tarin bola. Muka shiga haka nan. Iska tana shigowa, ƙarar guduma tana shigowa, takwara ta ƙi barci, ta yi kukan da har mai garejin ya leƙo daga ofishinsa.

Da ɗana ya zo da yamma daga wajen aiki na bari ya sha ruwa tukuna. Ni ba mai ɗaga murya ba ce. Na ce, “Kai, zo. A gidan da ka tashi, in maƙwabciya ta aiko mana da tuwo, yaya muke mayar da kwanon?”

Ya dube ni. “A wanke.”

“A wanke kawai?”

Ya sani sarai. Shi nake aika. Ko gyaɗa ce cikin tafin hannu, ko ɗan daddawa, ko sabulu guda, kwano ba ya komawa wayam.

Na ce, “Wannan baiwar Allah ta ba 'yar uwarta ƙofa. Me aka mayar mata?”

“Mama, ƙarfe ne fa.”

“Kwanon ma ƙarfe ne.”

Bakaniken ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa. “Voilà! Inna ta kama Bakano. Ku dama karɓa kuka iya.” Ya tashi da kansa ya ɗauko tsohuwar ƙofar jar daga bola. Ba ta zauna daidai ba, sai da ya buga ta, ya ɗan yi mata walda, ya sa mata sabon noti. Washegari takwara ta yi barci har da minshari.

Shi ke nan doka ta kafu, ba tare da kowa ya ce an kafa ba. Duk abin da aka cire wa koriya, sai a ɗauko na jar a mayar mata. Aka ɗauki murfin inji, aka mayar da murfin inji. Aka ɗauki bamba, fitilu, sitiyari, gilashin baya, lagireto. Kowanne da nasa tukwicin. Aikin bakaniken ya ninku, domin abin da aka cire don ya lalace ba ya yarda ya koma jikin wata motar sai an lallashe shi. Wani lokaci ya fi daɗewa a kan mataccen kayan da zai mayar fiye da mai kyan da ya ɗauka. Yana yi yana mita da Faransanci, amma bai taɓa tsallake ko ɗaya ba.

Kuma ba a ɗaure noti na ƙarshe sai an gwada. In an yi musaya, sai a ajiye guduma, a kashe rediyo, in shiga da takwara in zauna. Ƙattin maza su zagaye motar, har da wasu 'yan Pakistan biyu masu gyaran bodi, kowa ya zuba wa jaririya ido. In ta lumshe, bakaniken ya ɗaga babban yatsa, a ci gaba da aiki. In ta ɓata fuska, a kwance a sake dubawa. Ya sa mata suna Madame l'inspectrice, wai babbar mai duba aiki. Akwai ranar da ta ƙi amincewa da wani madubin gefe, har yau ban san dalili ba, sai da aka mayar da na da.

A hankali jar ta zama koriya, koriyar ta zama ja. Baƙo in ya shigo sai ya tambaya wacce ake gyarawa. Shi kansa ɗana na taɓa ganinsa ya shigo da sauri, ya shafa tamu yana ce mata sannu, sai da ya hango ni a ciki ya wayance ya wuce. Ni dai ban taɓa ruɗewa ba, na san tawa da murya. Na ci gaba da ce mata koriya ko da koren ya rage a rufi kawai.

Matsala ta zo wajen murfin but, bayan an ɗauke na koriya. Na jar da aka taɓa shi sai ya ruguje a hannu kamar ƙanzo, tsatsa ta cinye shi. Babu abin mayarwa. Aka toshe wurin da kwali, takwara ta ƙi. Aka sa katako, ta ƙi. Ɗana ya bari sai ranar hutunsa ya tafi Sharjah tun da safe, wajen masu sayar da matattun motoci. Da azahar sai ga babbar mota ta shigo da baya, ɗauke da wata irinsu, rawaya, babu inji, babu gilashi ko ɗaya.

Matarsa ta leƙo ta tagar koriya. Yarinya ce mai kunya, ban taɓa jin ta yi masa magana a gabana da ƙarfi ba. Ta ce, “Abban Hajiya, wannan kuma ta mece ce?”

“Kayan gyara ce.”

“Na wa?”

Ya kalli ƙasa. “Na kayan gyaran.”

Ta mayar da kanta ciki ta ja mayafi ta rufe fuska. Kafaɗunta suna rawa, ban tambaye ta kuka take ko dariya ba.

Aka cire murfin but ɗin rawaya aka sa wa koriya. Sai na ga duk sun juyo suna kallona. Na gane abin da suke jira. Na buɗe jakata na ɗauko sabulu guda da 'yan dabino a leda, na je na ajiye a cikin but ɗin rawayar. Bakaniken ya ce, “Alhamdu lillahi. Na zaci sai mun sayo ta huɗu.”

Duk wannan lokacin akwai abin da kowa yake kewayewa. Bakaniken ya daɗe da gano inda kukan yake fitowa. Sifirin ne na baya, wasu dogayen ƙarafa da aka jera kamar ganyen albasa, su ke ɗauke da nauyin motar. Na koriya sun bushe, shi ya sa suke kuka, amma lafiyarsu ƙalau. Na jar kuwa ɗaya ya karye, motar ta karkace kamar mai ciwon ƙugu. Rawaya ba ta zo da ko ɗaya ba. Aka bar su sai ƙarshe. Aka haɗa inji, aka yi wa jar fenti har kana ganin fuskarka a jiki, aka cire ledar kujeru. Sai ya rage sifirin kaɗai, ga kuma wani taro da masu tsofaffin motoci suke yi a wani fili kafin zafi ya shigo, wanda ɗana ya ƙwallafa rai a kai tun kafin ya yi aure.

Ya same ni a cikin koriya, ya durƙusa a bakin ƙofa. “Mama, gobe za mu cire.”

Na ce, “Motarka ce.”

“Za a mayar mata da na jar. Wataƙila su ma su yi kukan.”

“Wataƙila.”

“In ba su yi ba fa?”

Na ce, “Sai mu fara haɗa akwati.” Ban faɗa da faɗa ba. Ya daɗe a durƙushe yana kallon 'yarsa, sannan ya tashi.

Washegari muka tarar an gama. Koriya ta karkace gefe guda. Na shiga na zauna, ta karɓe ni dim, kamar na zauna a kan dakali. Na gyara zama, shiru. Na yi tsalle kaɗan da mazaunaina, abin da ban yi ba tun ina budurwa, shiru. Takwara ta saurara, ta saurara, sannan ta ja numfashi ta saki wanda ya fi na kullum. Mazan da suka zagaye mu kowa ya sunkuyar da kai kamar a gidan makoki.

Na fito. Ban nemi izinin kowa ba, na nufi jar, na buɗe ƙofar da a da tamu ce, na tura kujera na shiga baya da takalmina. Na ji ɗana ya ce “Mama” a hankali. Na zauna.

Ƙiiiƙ, ƙaƙ.

Ko minti ba a yi ba ta yi barci.

Bakaniken, saboda sabo, ya riga ya ɗauko gwangwanin giris, don ba a fita da mota taro tana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ya sunkuya ke nan ɗana ya cafke masa hannu. “In ka shafa wa ƙarfen nan mai, wallahi sai na mayar da kai Damagaram a kwantena.”

“Doucement, a hankali, patron. To da kukan za ta je?”

“Da kukan za ta je.”

Mu ma da mu aka je, don babu yadda za a yi. Taron da rana ne, falat ba ya shiguwa da rana, gadon barcinmu kuma zai tafi taro. Aka ɗora jar a bayan babbar mota, mu muka bi a tasi, takwara tana yi wa direban waƙa har muka isa. Filin cike yake da motoci masu sheƙi, kowa yana taka tasa tana ruri kamar hadari. Ɗana ya roƙa aka ba shi can ƙarshen fili, kusa da wata bishiya. Aka sauke motar, na shiga, na fara gyara zama, ta yi barci.

Mutane suka fara zuwa. Motar ta yi kyau, wannan ko ni na gani. Suka duba inji, suka duba fitilu, sannan kowa ya faɗi abu ɗaya: a tayar mu ji. Wai a irin wannan mota muryar ita ce rabin kyan. Sau ɗaya ɗana ya gwada murɗa makulli. Ƙasa ta girgiza, haƙorana suka haɗu, takwara ta zabura da ihun da ya sa wani Bature ya zubar da kofinsa. Ya kashe da sauri. Bai sake ba.

Daga nan duk wanda ya ce a tayar, sai ɗana ya ɗora yatsa a baki ya nuna kujerar baya. Mutum ya leƙo ya ga tsohuwa da lulluɓi tana rausaya, jaririya a cinya, motar tana ƙiiiƙ, ƙaƙ. Wasu su yi sallama cikin raɗa. Wasu su tafi su kirawo matansu. Kafin azahar layin da ke wajenmu ya fi na kowa tsawo, kuma shi kaɗai ne layin da ba a magana.

Wani dattijo Balarabe, farar riga, sanda a hannu, ya ƙi tafiya. Ya ce yana da irinta yana saurayi, shi dai yana son ya ji muryarta ko kaɗan ne. “Shwayya, habibi, shwayya bas.” Ɗana ya duba hagu, ya duba dama. Sai na ga ya matsa kusa da kunnen dattijon, ya kumbura kumatu, ya fara yi masa ƙarar injin da baki, a hankali. Yadda take in an tayar, yadda take in tana tsaye tana huci, har da canjin giya. Injiniya guda, mai gemu, uban 'ya. Dattijon ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Da aka gama ya ce wani abu, ɗana ya ce wai ya ce a ɗan duba kafireto. Na lura gaban rigar ɗana ya jiƙe, na kau da kai.

Bayan taron ba da daɗewa ba zafi ya fara shigowa, irin zafin can da ko ƙarfe ba ya so. Rumfar ta daina zaunuwa tun hantsi. Basudanen ya gamu da ɗana a bakin lifta ya tambaye shi, cikin ladabi, ina za a riƙa kai kukan yanzu.

Ɗana bai yi shawara da ni ba. Wata ranar hutu da yamma na ji hayaniya a matakala, bakaniken yana cewa, “Ɗaga naka ɓangaren, Bakano, ba tallar goro kake ba.” Suka shigo da kujerar bayan jar, sabuwar fata da komai, an ɗaure ta a kan sifirin nan guda biyu, an yi musu gindi da ƙarfe. Abin ya ƙi shiga lifta, a kafaɗa suka hau da shi. Aka ja akwatina gefe, aka ajiye shi bayan labule. Na zauna. Muryar ta ɗan canja, ta fi siriri, amma mai duba aiki ta saurara ta amince.

Washegari muka yini a ɗaki, karo na farko tun bayan arba'in. Ina ta fargabar kukan ƙarfen zai dami masu barci. Da yamma Basudanen ya ƙwanƙwasa. Ashe cewa ya zo yi in da hali a matsar da kujerar jikin bangonsa, wai tun da ya bar garinsu bai yi barci irin na yau ba, abin yana tuna masa da wani gadon igiya na kakarsa. Aka matsar. Maganar ƙarshen wata ta mutu a nan.

Na tambayi ɗana jar fa. Ya ce tana kan duwatsu, babu sifirin, babu kujerar baya. Ya yi odar wasu daga Amurka, suna kan teku. Har na baro ƙasar suna kan teku.

Na ce, “To me aka mayar mata?”

Ya dube ni, ya dubi bakaniken da ke shan kunu a bakin ƙofa. Babu wanda ya yi gardama. Matarsa ta tashi ta kwashe wankin da ke cikin farin gadon nan mai lilo da kiɗa, ta goge shi tas. Ɗana da bakaniken suka sauka da shi.

Kafin in taho na je garejin sallama. Koriya tana nan a karkace, cikakkiya, babu abin da ta rasa, har wani ya taya an ƙi. Rawaya kyanwa ta haihu a but ɗinta, kusa da sabulun. Na leƙa cikin jar. Gadon yana zaune daidai inda kujerar take, an ɗaure shi da igiya kada ya zame. Bakaniken ya ce in zafi ya ishe shi yakan kunna kiɗan.